King Hu, daraktan da ya sauya fasalin fina-finan takobi na Sin

King Hu, wanda asalin sunansa Hu Jinquan ne, daraktan fim ne ɗan ƙasar Sin da ya shahara a fannin wuxia, wato fina-finan jarumai masu faɗa da takobi. An haife shi a Beijing a 1932. Ya koma Hong Kong a 1949, inda ya yi aikin ƙawata wurin ɗaukar fim kuma ya fito a matsayin ɗan wasa, sannan ya shiga kamfanin Shaw Brothers a 1958.

A fim ɗinsa Come Drink with Me na 1966, ya bai wa Cheng Pei-pei, wadda ta koyi rawa, matsayin jaruma, ya tsara faɗan tamkar rawa bisa salon wasan opera na Beijing. Daga nan ya tafi Taiwan, inda Dragon Inn na 1967 ya yi kasuwa sosai.

A Touch of Zen ya samu kyautar fasaha a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1975. Faɗan cikin dajin gora da ke fim ɗin ya yi tasiri ga Ang Lee a Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000.

Hu ya rasu a Taipei ranar 14 ga Janairu 1997, bayan aikin zuciya.