Ba Hitler Ne Ya Riƙe Wa Mussolini Alƙalami Ba

Wani mai karatu ya aiko da tambaya bayan ya sake kallon fim ɗin nan na Umar Mukhtar: shin Mussolini, wanda gwamnatinsa ta rataye dattijon a Libiya a 1931, ya taɓa Yahudawan ƙasarsa, ko wannan aika-aikar Hitler ce shi kaɗai? Tambayar ta faɗa a kan gaɓa, domin har gobe mutanen Italiya ba su gama jayayya a kanta ba. A Janairun 2013, ranar tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, Silvio Berlusconi ya ce dokokin wariya na 1938 su ne mafi munin laifin Mussolini, amma mutumin ya yi abin kirki ta fannoni da dama. Aka kuwa yi masa ca.

Masu son wanke Mussolini suna da abin kamawa. Yahudawan Italiya ba su kai 50,000 ba, kuma na birnin Rum suna nan tun kafin haihuwar Annabi Isa. Da yawansu sun yanki katin jam'iyyar Fasist. Guido Jung, Bayahude, shi ne ministan kuɗi daga 1932 zuwa 1935. Margherita Sarfatti, farkar Mussolini wadda ta rubuta tarihin rayuwarsa ta tallata shi a ƙasashen waje, Bayahudiya ce. A 1932 shi da bakinsa ya gaya wa marubuci Emil Ludwig cewa babu ƙyamar Yahudawa a Italiya. Saboda haka, in ji su, ƙawancen da ya ƙulla da Jamus daga 1936 shi ya ja shi, ya yi dokar don ya faranta wa Hitler.

Ni wannan bayani bai gamsar da ni ba. Ko masanin tarihi Renzo De Felice, wanda ya fi kowa ba ƙawancen nauyi, ya amsa cewa Jamusawa ba su matsa masa kai tsaye ba. In ana neman inda abin ya yi saiwa, a dubi Afirka. Bayan mamaye Habasha a 1936, hankalin Mussolini ya tashi ganin sojojinsa suna zaman aure da matan ƙasar. A Afrilun 1937 aka yi doka: duk ɗan Italiyan da ya zauna da 'yar ƙasar da suka mallaka kamar mata da miji, ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar. Wato kafin a juyo kan Yahudawa, an riga an gwada rarraba mutane da jini a kan baƙar fata.

Daga nan sai abin ya zo gida a guje. Ranar 14 ga Yulin 1938 wata jarida ta buga takardar da wasu malaman kimiyya suka sa wa hannu, mai cewa Yahudawa ba jinsin Italiya ba ne. A Agusta aka ƙidaya su gida-gida, da suna da adireshi. Ranar 5 ga Satumba aka kori 'ya'yansu da malamansu daga makarantun gwamnati. Cikin yaran akwai Liliana Segre, 'yar shekara takwas, wadda daga baya ta tsira daga sansanin Auschwitz, aka naɗa ta sanata ta din-din-din a 2018. A Nuwamba aka haramta auratayya, aka sallame su daga aikin soja da na gwamnati, aka ƙayyade gona da kamfanin da za su iya mallaka, aka hana su ɗaukar 'yan aikin gida waɗanda ba Yahudawa ba. Sarki Vittorio Emanuele na Uku ya rattaba hannu ba gardama. Abin mamaki, masu wanke Mussolini suna ƙaryata shi kansa ne: a jawabinsa na Trieste ranar 18 ga Satumba ya kira masu cewa kwaikwayon wani yake yi wawaye.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Ettore Ovazza, mai banki a birnin Turin. Ya yi yaƙin duniya na ɗaya, ya shiga tattakin da 'yan Fasist suka yi zuwa Rum a 1922, ya taɓa ganawa da Mussolini ido da ido. Da aka kama wasu matasan Turin masu adawa da gwamnati a 1934, jaridu suka yi ta yayata cewa yawancinsu Yahudawa ne, sai Ovazza ya kafa jarida mai suna La Nostra Bandiera don ya nuna Bayahuden kirki ɗan Fasist ne, yana caccakar 'yan'uwansa masu ra'ayin Sahayoniya. Dokar 1938 ta bar 'yar kafa ga tsofaffin sojoji da 'yan jam'iyya na farko, sai ya riƙe wannan kafa tamau. 'Yan'uwansa suka tattara suka bar ƙasar, shi ya zauna, yana ganin guguwa ce mai wucewa, kuma shugaba ba zai manta da nasa ba. A Oktoban 1943, bayan Jamus ta mamaye ƙasar, ya gudu da iyalinsa zuwa tsaunuka kusa da iyakar Suwizalan. Ɗansa Riccardo ya nemi tsallakawa, ɗan jagora ya ci amanarsa. Dakarun SS na Jamus suka kwashe Ettore da matarsa Nella da 'yarsu Elena zuwa garin Intra, suka harbe su, suka ƙona gawarwakin a tanderun ɗumama wata makaranta.

Za a ce ai Jamusawa ne suka kashe shi. Gaskiya ne, jigilar mutane zuwa Auschwitz ba ta fara ba sai da Jamus ta mamaye ƙasar a Satumban 1943. Amma jerin sunayen 1938 na nan a ofisoshi, da irinsa aka bi gidajen Rum ranar 16 ga Oktoba aka kwashe mutum fiye da 1,000, goma sha shida kacal suka dawo. A ƙarshen Nuwamba gwamnatin Mussolini ta biyu, wadda ya kafa a arewacin ƙasar bayan mamayar, ta umarci 'yan sandanta su kama kowane Bayahude. Kimanin 7,500 ne suka halaka daga Italiya.

Libiya kuwa ba a jira Jamusawa ba. A 1942, da umarnin Rum, aka kwashe Yahudawan yankin Benghazi kimanin 2,600 zuwa sansanin Giado da ke kudu da Tarabulus, ƙarƙashin hafsoshin Italiya. Yunwa da zazzaɓin kwarkwata suka kashe fiye da 500.