Leƙen Asiri a Filin Atisaye: Tarihin Badaƙalar Leeds da Derby da Abin da Ya Biyo Baya

A ranar Alhamis 10 ga Janairun 2019, an kira ƴan sanda zuwa filin atisayen ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Derby County da ke Ingila, saboda an hango wani mutum yana raɓe-raɓe a bayan shinge yana kallon ƴan wasa. Ƴan sanda suka zo suka yi masa tambayoyi, suka sallame shi ba tare da kama shi ba, domin bai karya dokar ƙasa ba. Daga baya ta bayyana cewa ma'aikacin Leeds United ne, wato ƙungiyar da Derby za ta kara da ita washegari a gasar Championship, mai bi wa Firimiya a daraja. Wannan ƙaramin lamari shi ya tayar da muhawarar da ta sauya dokar gasar, ya kuma farfaɗo da tsohuwar tambaya: shin kallon atisayen abokin hamayya dabara ce ko ha'inci?

Tushen al'adar

Tattara bayanai kan abokin karawa ya daɗe a harkar tamaula, kuma Leeds ɗin kanta tana da tarihi a wannan fage. Don Revie, wanda ya horar da ita daga 1961 zuwa 1974, ya yi suna wajen tura mataimakansa su kalli wasannin abokan hamayya, su rubuto masa kundi kan kowane ɗan wasa: ƙafar da ya fi amfani da ita, rauninsa, da halinsa idan an matsa masa. Ba wanda ya kira wannan laifi, domin wasa ne da aka buga a bainar jama'a, duk mai tikiti yana iya gani.

Atisaye kuwa daban yake. A kwana biyu ko uku kafin wasa ne koci ke jera ƴan wasa sha ɗayan da zai fara da su, a nan ake gane wanda ya ji rauni da wanda ya warke, a nan kuma ake maimaita sababbin dabarun bugun kusurwa da bugun tazara. Wanda ya ga waɗannan ya san abin da faifan bidiyo ba zai taɓa nuna masa ba. Shi ya sa ƙungiyoyi ke kewaye filayensu da katanga da itatuwa, shi ya sa kuma ake samun masu neman kafar leƙe.

Misalan suna da yawa. André Villas-Boas ya taɓa faɗa wa ƴan jarida cewa lokacin da yake aiki a ƙarƙashin José Mourinho a Chelsea yakan je filayen atisayen abokan hamayya a ɓoye. A 2013 an kama wani kocin masu tsaron raga na Genoa a Italiya sanye da kaya irin na soja, ya ɓuya a cikin itatuwa yana kallon atisayen Sampdoria gab da wasan hamayyar birnin. Kafin gasar cin kofin duniya ta 2018, wani jami'in tawagar Suwidin ya leƙi atisayen Koriya ta Kudu a Ostiriya, har kocinsu Janne Andersson ya ba da haƙuri. A ƙarshen shekarar, Werder Bremen ta Jamus ta amsa cewa nata ne jirgi marar matuƙin da aka gani yana shawagi a kan filin Hoffenheim. Akasarin waɗannan sun ƙare ne da raha da ban-haƙuri.

Abin da Bielsa ya yi

Abin da ya bambanta lamarin Leeds shi ne halin kocinta, Marcelo Bielsa ɗan ƙasar Ajantina. Bai yi musu ba. Ya kira kocin Derby, Frank Lampard, ya shaida masa cewa shi ya aiko mutumin, sannan ya maimaita haka a gaban kyamara kafin a take wasa. Leeds ta ci 2-0 a daren. Lampard ya nuna ɓacin rai ƙwarai, yana ganin an keta ladabin wasa.

A ranar 16 ga Janairu Bielsa ya tara ƴan jarida, wasu har suna zaton murabus zai yi. Maimakon haka sai ya ƙara tona wa kansa asiri: ya ce ya sa an kalli atisayen dukkan ƙungiyoyin da ya kara da su a kakar. Daga nan ya shafe fiye da sa'a guda yana nuna musu a allo irin nazarin da ma'aikatansa suka yi wa Derby, wasa bayan wasa, ɗan wasa bayan ɗan wasa. Manufarsa ita ce ya nuna cewa ya riga ya san duk abin da leƙen zai gaya masa, kuma fargabar kada ya bar wani abu bai bincika ba ce ke sa shi aikawa. Ya kuma ba da labarin wasan ƙarshe na kofin Sifaniya a 2012, inda Barcelona ta doke Athletic Bilbao da yake horarwa da ci 3-0 duk da zurfin nazarin da ya yi mata.

Wannan hujja tana da rauni a cikinta. Idan leƙen ba shi da amfani, me ya sa aka yi ta yin sa mako bayan mako? Idan kuwa yana da amfani, to an ci riba da abin da mai shi ya ɓoye. Masu sukar Bielsa sun riƙe wannan gam, kuma ƙungiyoyi 11 na gasar suka rubuta wa hukumar EFL suna neman a yi bincike.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare shi sun ce yaƙi ɗan zamba ne. A lokacin babu wata doka a rubuce da ta hana kallon atisaye, mutumin kuma bai tsallaka shinge ba. Sun ƙara da cewa a Kudancin Amurka ana ɗaukar abin a matsayin wayo, kuma nauyin tsare sirri yana kan mai sirrin. Wasu ma sun tuna wa Lampard cewa shi ɗan wasan Chelsea ne a zamanin da Villas-Boas ke irin wannan aiki.

Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ba duk abin da doka ta yi shiru a kansa ne ya halatta ba. Gasa tana tsayawa ne bisa amana tsakanin masu yin ta, kuma alamar da ke nuna cewa mai leƙe ya san ba daidai yake yi ba ita ce ɓuyan da yake yi. Wanda ya ga abin halal ne, da sai ya yi sallama a ƙofa. Batun bambancin al'ada kuma bai wanke kowa ba, tunda baƙo yakan bi ladabin garin da ya sauka.

A ranar 18 ga Fabrairun 2019 hukumar EFL ta ci Leeds tarar fam 200,000, ta dogara da ƙa'idar da ta wajabta wa ƙungiyoyi mu'amala da juna da cikakkiyar gaskiya. Bielsa ya biya kuɗin daga aljihunsa. A cikin shekarar aka kafa sabuwar doka da ta haramta kallon atisayen abokin hamayya cikin sa'o'i 72 kafin wasa, sai dai in an gayyaci mutum.

Ragowar kakar ta ƙara rikita masu son yanke hukunci cikin sauƙi. A ranar 28 ga Afrilu Leeds ta ci Aston Villa ƙwallo alhali wani ɗan wasan Villa na kwance da rauni. Bielsa ya umarci yaransa su buɗe hanya a rama, ɗan wasan Ghana Albert Adomah ya zura, aka tashi 1-1. Saboda wannan FIFA ta ba Bielsa da Leeds kyautar wasa da ladabi ta 2019. A watan Mayu kuma Derby ta fitar da Leeds daga wasannin neman gurbin Firimiya da ci 4-3 a wasa biyu, ƴan wasanta suna murna suna ɗora hannuwa a idanu kamar masu riƙe da na'urar hangen nesa. Sai a 2020 Leeds ta koma Firimiya, bayan shekara 16.

Daga shinge zuwa sararin sama

Shekara biyar bayan haka, hukunci ya yi tsanani. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, tawagar mata ta New Zealand ta kai ƙara cewa jirgi marar matuƙi ya yi shawagi a kan atisayenta a Saint-Étienne. Ƴan sandan Faransa suka kama mai sarrafa shi, ya kasance ma'aikacin tawagar Kanada, wadda ita ke riƙe da lambar zinare. FIFA ta zabtare wa Kanada maki 6, ta ci hukumar ƙwallon ƙasar tarar kuɗin Suwizalan 200,000, ta kuma dakatar da koci Bev Priestman da ma'aikata biyu na shekara guda. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta yi watsi da ɗaukaka ƙarar da Kanada ta yi. Ƴan wasan sun ci dukkan wasanninsu uku na rukuni suka tsallake da maki 3, kafin Jamus ta fitar da su a bugun fenariti.

Wannan hukunci ya amsa ƙorafin da aka yi a 2019, cewa tarar fam 200,000 ba komai ba ce idan aka kwatanta da sama da fam miliyan 100 da shiga Firimiya ke kawowa. Zabtare maki yana taɓa abin da mai leƙen ke nema kai tsaye. Sai dai ya buɗe wata tambayar, domin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa su ne ƴan wasan da ba su suka tashi jirgin ba, kuma wanda ya shiga hannun ƴan sanda ƙaramin ma'aikaci ne.

A taƙaice, tarihin ya bi matakai uku: al'adar da ake yi wa dariya, sai laifin da ake biya da kuɗi, sai kuma laifin da ke cin maki da aikin koci. Iyakar da hukumomi suka shata ta tsaya tsakanin abin da ƙungiya ta nuna wa duniya da abin da ta rufe ƙofa a kansa. Na farko kowa na da haƙƙin nazarinsa iya ƙarfinsa, na biyu kuwa sai da izinin mai shi.