Jarumi Ya Dace, Labari Ya Gaza: Nazarin Sabon Conan the Barbarian na 2011

A watan Agusta na 2011 kamfanin Lionsgate ya saki Conan the Barbarian, fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90, amma ya kasa mayar da kuɗinsa a gidajen sinima. Masu sharhi suka yi masa ca, 'yan kallo suka ƙaurace masa, maganar fitar da kashi na biyu kuma ta bi ruwa. Duk da haka ya cancanci nazari, domin masu shirya shi sun dace da abin da ya fi wuyar samu, wato ɗan wasan da ya yi daidai da jarumin, sannan suka yi sakaci da labaran da ke ajiye suna jiransu kusan shekara tamanin.

Conan ya fito ne daga alƙalamin Robert E. Howard, marubuci ɗan jihar Teksas ta Amurka, wanda ya buga labarin Conan na farko a mujallar Weird Tales a watan Disamba na 1932, ya kuma rasu a 1936 yana da shekara 30. Conan na Howard mutumin Cimmeria ne, ɗan maƙeri, an haife shi a fagen fama. Ya yi sata, ya yi fashin teku, ya yi sojan haya, daga ƙarshe ya hau gadon sarautar Aquilonia. Yana da baƙin gashi da zafin nama da kaifin basira, yana jin harsuna da dama. Tambayar da Howard yake juyawa a kusan kowane labari ita ce: tsakanin mutumin daji da mutumin birni, wa ya fi wani dabbanci? Sarakuna da bokaye da attajiran biranensa sun fi Conan mugunta, illa dai tasu tana sanye da alkyabba.

Fim na farko ya fito a 1982. John Milius ne ya ba da umarni, shi da Oliver Stone suka rubuta, aka ɗauke shi a ƙasar Sifen. Arnold Schwarzenegger, wanda 'yan kallo a nan suka fi sani da Komando, shi ne ya fito a Conan. Milius bai bi Howard sau da ƙafa ba. Shi ya ƙago kisan iyayen yaron da bautar da ya yi yana juya wata ƙatuwar na'urar niƙa har ya girma. Ko sunan mugun, Thulsa Doom, daga labaran Kull aka aro shi, wani jarumin Howard na daban. Masoyan littattafan sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, shi ya sa da aka ce za a sake fim ɗin, aka yi ta alkawarin cewa a wannan karo za a koma ga asali.

Ta fuskar jarumi an cika alkawarin. Jason Momoa, wanda a shekarar ce kuma ya yi suna da matsayin Khal Drogo a Game of Thrones, ya fi Schwarzenegger kama da mutumin da Howard ya siffanta. Yana tafiya kamar mai farauta, takobi yana zama a hannunsa kamar da shi aka haife shi, a idonsa kuma akwai wayo da mugun murmushi. Schwarzenegger dutse ne, sai dai a kewaye shi. Momoa kuwa ana ganin lissafi a fuskarsa kafin ya kai sara. A ganina wannan nasara ce ta gaske, kuma ba a yaba mata yadda ya kamata ba.

Farkon fim ɗin ma yana da ƙarfi. Bayan muryar Morgan Freeman ta gabatar da tarihin daular Acheron, sai a nuna haihuwar Conan ana tsakiyar yaƙi: uwar ta samu mummunan rauni, uban, Corin, ya tsaga cikinta ya fito da jaririn don ta gan shi kafin ta cika. Abin yana da tayar da hankali, amma yana da dalili. Haka nan gwajin da Corin ya yi wa samarin ƙauye, inda kowanne zai sa ƙwai a baki ya yi tseren zagaye dutse ya dawo bai fasa ba. 'Yan ƙabilar Pict suka tare su, sauran yara suka juya, Conan kuwa ya dawo da kawunan maharan a hannu da ƙwansa lafiya lau. A 'yan mintoci, ba tare da dogon bayani ba, mai kallo ya san wane irin yaro ne wannan, ya kuma ga alfahari da fargaba a fuskar mahaifinsa. Ron Perlman da ya fito a Corin da ƙaramin yaro Leo Howard sun riƙe wannan sashe da kyau. Da sauran fim ɗin ya tafi a haka, da wata magana ake yi yau.

Daga nan ne abubuwa suka fara kwancewa. Marubutan, Thomas Dean Donnelly da Joshua Oppenheimer da Sean Hood, sun ce Howard za su bi, amma ƙashin bayan labarinsu na Milius ne: an ƙona ƙauye, uba ya mutu, an tafi da takobinsa, ɗa ya girma ya fita neman fansa. Babu wannan a labaran Howard. Illar ramuwar gayya a matsayin jigo ita ce tana ɗaure jarumi a kan hanya ɗaya tilo. Conan mai yawon duniya, wanda kwaɗayi da son sani suke jefa shi cikin masifa, ya koma mutum mai bin sawun maƙiyi daga wannan gari zuwa wancan. Sunayen wurare suna bayyana a allo suna wucewa, babu wanda aka tsaya a cikinsa har mai kallo ya ji ƙamshin kasuwarsa. Ga The Tower of the Elephant na 1933, ga Queen of the Black Coast na 1934, ga Red Nails na 1936, kowannensu ya isa fim sukutum, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Sai batun mugu. Stephen Lang, wanda ya fito a Khalar Zym, ƙwararre ne, kuma an ba Zym dalili mai kyau a takarda: an ƙone matarsa matsafiya, yana so ya dawo da ita duniya ta hanyar wata tsohuwar fuskar tsafi da jinin zuriyar Acheron. Amma bayan an kwashe fim guda ana tsoratar da mu da wannan fuska, da ya sanya ta babu wani abin a zo a gani da ta yi. A kwatanta da Thulsa Doom na James Earl Jones. Shi wannan yana da aƙida: yana ganin ikon juya zuciyar mutum ya fi ƙarfin takobi, ya kuma tabbatar da haka lokacin da ya yafito wata budurwa daga kan dutse da tattausar murya, ta faɗo ta mutu don biyayya. Wannan mutuwa ɗaya ta fi duk gawarwakin sabon fim ɗin sanya tsoro. Wadda ta ɗan kawo wani abu sabo ita ce Rose McGowan a matsayin Marique, 'yar Zym, mai faratan ƙarfe da take ɗanɗana jinin mata da su.

Wannan ya kai mu ga zubar da jini, wanda shi ne abin da aka fi tunawa da fim ɗin. Mai ba da umarni Marcus Nispel, Bajamushe, ya fito ne daga sake finafinan ban tsoro, shi ya yi The Texas Chainsaw Massacre na 2003 da Friday the 13th na 2009, kuma da wannan idon ya kalli Conan. Labarin takobi da tsafi ba ya yiwuwa ba jini, ba na kuma neman a wanke shi. Matsalar ita ce an zuba shi kamar barkono a miyar da ba gishiri: zafi kawai ake ji. Wurin da Conan ya cusa yatsa a ramin hancin mutumin da ya taɓa yanke wa hanci, sannan ya tilasta masa haɗiye mabuɗi ya bar shi a hannun fursunoni, an yi shi ne don a sa mai kallo ya yamutsa fuska, bai ƙara wa labarin komai ba. A fim ɗin Milius, lokacin da aka sare kan uwar Conan yana riƙe da hannunta, kyamara tana kan yaron ne, ana yin shiru, ana barin abin ya zauna a zuciya. Nispel ba ya barin komai ya zauna. Faɗa yana bin faɗa, an yayyanka hotunan gutsi-gutsi har ba a gane wa ya sari wa, jinin kuma da yawansa na kwamfuta ne. Faɗan mayaƙan yashi da Marique ta taso da su shi kaɗai ne ya tsaya da ƙafarsa, domin an bar ido ya ga fili da motsin jiki.

Kiɗa ma ya ba da tasa gudummawar ga faɗuwar. Basil Poledouris ya ɗauki nauyin rabin labarin 1982 da ganguna da ƙahoni da amshin mawaƙa, a wuraren da jarumin bai ce uffan ba. Kiɗan Tyler Bates a fim ɗin 2011 kuwa yana raka faɗa, yana ƙarewa tare da shi. Game da mata kuwa, Valeria ta 1982 abokiyar yaƙi ce da ta zaɓi Conan da kanta ta kuma biya da ranta. Tamara ta 2011, wadda Rachel Nichols ta fito a matsayinta, ta fara da kuzari, ta ƙare a ɗaure tana jiran ceto. Akwai kuma tsiraici da aka cusa ba gaira ba dalili, wanda ya isa ya sa iyaye su nisanta yara da fim ɗin.

Wanda yake son ganin yadda Conan na Howard yake tafiya da riƙe takobi, ya kalli rabin sa'ar farko ta fim ɗin 2011 da faɗan yashi, zai ga abin da yake nema. Wanda yake son cikakken fim kuwa, na 1982 ne, duk da ya kauce wa littattafan. Har yau babu ko ɗaya daga cikin labaran Conan da Howard ya rubuta da aka ɗauka aka mai da shi fim yadda yake.