Wa ke Riƙe da Jakar Makaranta? Nazari kan Kwamitocin Sa-kai a Ingila

A Ingila akwai mutum kimanin dubu 250 da ke zama a kwamitocin kula da makarantun gwamnati ba tare da ana biyan su ko sisi ba. Can ana kiran su gwamnonin makaranta. Aiki uku ke wuyansu: tsara alƙiblar makaranta, bin diddigin shugabanta kan karatun yara, da sa ido kan kuɗi. Ƙa'idojin 2012 sun ce a makarantun da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma kwamiti ba zai gaza mutum bakwai ba, ciki har da iyaye aƙalla biyu, da wakilin ma'aikata, da wakilin ƙaramar hukuma, da shugaban makarantar kansa.

A da, 'yan siyasar ƙananan hukumomi ne suka mamaye kujerun. Rahoton Taylor na 1977 ya nemi a raba su daidai tsakanin hukuma, ma'aikata, iyaye da jama'ar gari. Dokar 1980 ta wajabta wakilcin iyaye, ta 1986 kuma ta karya rinjayen hukuma. Amma a ganina duk wannan share fage ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne dokar 1988, wadda ta ɗauke akasarin kasafin makaranta daga ofishin ƙaramar hukuma ta damƙa wa kwamiti, tare da babbar murya wajen ɗaukar ma'aikata. Daga ranar da ya zama kwamiti ne ke zaɓen shugaban makaranta, shi ke amincewa da kasafi, shi ke auna ƙwazon shugaban kowace shekara, sai tambayar mahaifiya a zauren taro ta zama tambayar da dole a amsa.

Sai dai riƙe jaka daban, sanin abin da ke faruwa a aji daban. Doka ta ce cikakken kwamiti ya zauna aƙalla sau uku a shekara, galibi kuwa da yamma ake zaman, bayan kowa ya taso daga nasa aikin. Takardar da za a tattauna a kai, wanda ake sa wa ido shi ya rubuta ta. Shi ya zaɓi alƙaluman, shi zai fassara su. Ma'aikaciyar jinya ko mai shago da ke gefe na iya jin cewa wani abu bai yi daidai ba, amma da wace hujja za ta ja da ƙwararre? Nan ne raunin tsarin yake, kuma ba rashin kishi ke kawo shi ba. Kwamitocin da ke aiki da gaske su ne masu neman wata kafar labari: sakamakon jarrabawar ƙasa, rahoton masu duba makarantu na Ofsted, ziyara a lokacin karatu, da mashawarci daga waje wanda ƙa'ida ta tanada yayin auna shugaba. An fi ganin nauyin wannan idan aka kori yaro kora ta dindindin, domin dole kwamiti ya zauna cikin kwanakin makaranta 15 ya duba hukuncin, yana kuma da ikon mayar da yaron. Kwamitin da bai saba yi wa shugaba tambaya ba, da wuya ya fara a ranar.

Akwai kuma haɗarin wuce gona da iri. A 2014 an zargi 'yan kwamiti a wasu makarantun Birmingham, a unguwannin da Musulmi suka fi yawa, da matsa wa shugabanni lamba don sauya tsarin karatu. Wasiƙar da ta tayar da ƙurar, mutane da dama na ganin jabu ce, kuma shari'ar ladabtar da wasu manyan malaman makarantun ta rushe a 2017. Duk da haka lamarin ya ƙara wa gwamnati ƙaimin fifita ƙwarewa a kan wakilci, har a 2016 ta yi niyyar soke wajabcin kujerun iyaye a makarantun akademi (waɗanda ba sa ƙarƙashin ƙaramar hukuma), kafin ta janye. Ina ganin janyewar ta yi daidai. Akanta na iya karanta kasafi, amma mahaifi ne ya san abin da yaro ke faɗa idan ya dawo gida.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye a Najeriya. Shirin ESSPIN, da kuɗin Birtaniya, ya horar da kwamitocin kula da makarantu na SBMC a Kano, Kaduna da Jigawa bayan ya fara aiki a 2008. Sun yi rawar gani wajen shigar da yara makaranta, musamman mata, da gyaran azuzuwa, da lura da malaman da ba sa zuwa aiki. Amma ɗaukar malami, tura shi da biyan albashinsa suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. An ba kwamitin aikin tambaya, an riƙe jakar. Idan malami ya yi wata bai leƙo aji ba, iyakar abin da shugaban kwamiti zai iya shi ne ya kai ƙara ofishin sakatare, ya koma gida ya jira amsa.