Abubuwan da ke jefa yaro cikin haɗarin cin zarafi a gida

Cin zarafin yaro ya haɗa da dukan da ke barin rauni, lalata da shi, zagi da tsangwama kullum, da sakaci da cinsa, lafiyarsa ko karatunsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya na haɗuwa da wani nau'insa kafin su kai shekara 18. Yawanci kuma ba baƙo ne ke yi ba, wanda yaron ya sani ne.

A zamanmu na Kudu, babban haɗarin shi ne rashin dangi kusa. A Arewa, uba ya zafafa hannu, kaka ko gwaggo za ta shigo ta janye yaron. A Agege, Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, sau da yawa miji da mata ne kawai a ɗaki ɗaya na haya, banɗaki kuma na kowa da kowa. Maigida ya fita kasuwa tun asuba, ya dawo da gajiya da tunanin kuɗin haya, uwa ta wuni ba mai karɓa mata. Haushin duka kan yaro yake sauka. In aka ƙara da tiramadol ko kodin, ko dukan mata a gidan, abin ya ninka.

Wanda ya fi shiga uku shi ne ɗan riƙo da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye: ba ta jin Yarabanci ko Ibo, ba ta da waya, ba ta san hanyar tasha ba. Haka 'yar tallan da ke kai dare a gareji, da maraya, da yaro mai nakasa.

Sai shiru. Don gudun kada a ce 'yan Arewa sun yi abin kunya, ana kai magana gaban dattawa a sasanta, mai laifin ya ci gaba da kwana gida ɗaya da yaron. Sulhu na da wurinsa, amma fyaɗe laifi ne na kotu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Legas ta kafa tata a 2007, ta ɗauki duk ɗan ƙasa da 18 a matsayin yaro. A Legas ana kai ƙara hukumar DSVA ko a kira 112, cibiyar Mirabel da ke asibitin LASUTH a Ikeja kuma na duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta.