BABI NA UKU: TARIHIN HOTON IYALI A LOKACIN SALLA A ZANDAM DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda ake gudanar da bukukuwan Ƙaramar Salla da Babbar Salla a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Shi kuwa wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin wata al'ada da ta shigo cikin hidimar salla daga baya, wato ɗaukar hoton iyali. Za a duba yadda sana'ar hoto ta iso wannan yanki, da dalilin da ya sa ta ƙulla zumunci da salla, da kuma yadda kulle da kunya suka sauya mata kama. Manufar babin ita ce a nuna cewa hoton da ke haɗa miji da mata da 'ya'ya a takarda ɗaya baƙo ne a wannan yanki, kuma sai da wayar hannu ta shiga cikin gida sannan ya sami gindin zama.

3.1 Yankin da Ake Nazari

Zandam gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, wadda take maƙwabtaka da Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa. Dukkan ƙananan hukumomin biyu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse. Suna cikin Jihar Kano tun daga 1967 har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa. Akasarin jama'ar wurin Hausawa ne da Fulani, Musulmi, manoma da makiyaya. Tun da can an san yin sura a wannan ƙasa, domin a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zane, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Sai dai yawancin abin da aka zana a jikin duwatsun shanu ne. Ajiye kamannin fuskar mutum takamaimai kuwa, sai da kyamara ta zo.

3.2 Zuwan Sana'ar Hoto

Kalmar "hoto" aro ce daga Ingilishi, kuma wannan ya isa ya nuna cewa abin baƙo ne. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Faransa, sa'an nan a 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka. A Nijeriya, garuruwan bakin teku ne suka fara cin moriyar sana'ar. Alal misali, George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, haka kuma Jonathan Adagogo Green ya yi aiki a Bonny har zuwa rasuwarsa a 1905.

A ƙasar Hausa kuwa, kyamara ta shigo ne tare da Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Kano da yaƙi a 1903. Hotunan farko na sarakuna ne da hakimai da dakaru da ganuwa, kuma Turawa ne suka ɗauka don amfanin kansu. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913, sai mutanen kudu suka yi ta zuwa da sana'o'insu, ciki har da ɗaukar hoto. Daga irin waɗannan shaguna ne sana'ar ta bi hanyar mota da kasuwannin mako ta shiga ƙauyuka. Kasancewar Birnin Kudu a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, ya sa ta zama mashigar baƙin abubuwa zuwa ƙasar Gwaram.

Ya kamata a lura da cewa talakan ƙauye bai fara tsayawa gaban kyamara don sha'awa ba. Hukuma ce ta tilasta masa. Maniyyaci yana bukatar hoton fasfo, haka mai neman lasin tuƙi da mai shiga aikin soja ko ɗan sanda. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan 'yan makaranta da malamai masu cike takardu. Da ido ya saba da hoton dole, sai aka fara neman na ado.

3.3 Dangantakar Hoto da Salla

Dalilai uku ne suka sa salla ta zama kakar masu hoto. Na farko shi ne tufafi. A gidan manomi, sau da yawa a shekara sau ɗaya ko sau biyu ake yi wa iyali sabon ɗinki, kuma don salla ake yi. Ranar nan ce yaro yake da sabuwar riga da hula, yarinya ta sha kitso da lalle, maigida ya fito da babbar rigarsa daga adaka. Na biyu shi ne haɗuwar dangi, domin 'yan cirani da ma'aikata da ɗalibai suna dawowa gida. Na uku shi ne kuɗi, saboda yara da 'yan mata suna samun goron salla a yawon da suke yi gida-gida, kuma daga ciki suke biyan mai hoto.

Bugu da ƙari, cinikin ba ya zama ɗaya a kowace shekara, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Ƙaramar Sallar 1983 ta faɗo ne a watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗi sun tafi gona. Ta 1999 kuwa ta zo a watan Janairu, bayan an kai amfanin gona gida. Ga garin da noma ne abin dogaro, irin wannan bambanci shi ke yanke ko za a yi hoto ko a haƙura.

A zamanin fim, mai hoto yakan rataya kyamara ya zaga filin idi da ƙofar fada da kasuwa, ko ya kafa labule mai zanen bene ko furanni a jikin bango. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, don haka sai ya cika ake cire shi. Hoto mai launi, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, yana bukatar injin wanki, kuma sai an kai birni kamar Kano, tafiyar sama da kilomita 100. Saboda haka akan ba da kafin alƙalami, a jira kwanaki. Wani lokaci fim ya ƙone, kwalliyar salla ta tafi a banza. Karyewar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa fim da takardar hoto, waɗanda daga waje ake shigo da su, suka yi tsada ƙwarai.

3.4 Tasirin Kulle da Kunya

A hoton iyali irin na Turawa, miji da mata suna zama kafaɗa da kafaɗa, 'ya'ya na kewaye da su. Wannan tsari ya ci karo da al'adu da dama. Da farko, mai hoto namiji ne baligi, kuma iyakarsa zaure, alhali matan aure suna cikin kulle. Na biyu, kunya ta hana mace zama kusa da mijinta a gaban jama'a, kamar yadda ta hana ta faɗin sunansa. Akwai kuma alkunyar ɗan fari, wadda Fulani suka fi tsanantawa, da kunyar surukai. Na uku, a gidan da ke da mata biyu ko fiye, tambayar wadda za ta zauna daf da maigida, uwargida ko amarya, ta isa ta ta da fitina ranar farin ciki. Haka nan kuma malamai sun yi saɓani. Wasu sun sa hoto cikin surar da hadisai suka yi hani a kanta, wasu kuma suna ganin kamar inuwa ce ko madubi, musamman in da lalura.

Sakamakon haka, sai hoton iyali ya rarrabu. Maigida yakan tsaya a ƙofar gida da 'ya'yansa maza. 'Yan mata sukan yi nasu da ƙawaye cikin anko. Samari su jingina da keke ko babur ko su riƙe rediyo. Jariri kuwa, yayarsa ce take fito da shi. Ita uwa, wadda ta yi dakan tuwon salla ta kuma shirya kowa, ita ce ba ta cika fitowa ba. Iyalin ba ya haɗuwa sai a cikin albam, ko a bangon ɗakin uwar, inda take jera hotunan kusa da kwanoninta na jere. Waɗanda suka fara saɓa wa wannan tsari su ne ma'aikata da malaman makaranta da suka zauna a birane.

3.5 Zamanin Wayar Hannu

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma cikin shekarun da suka biyo baya wayoyi masu kyamara suka kai hannun talakawa. Fim ya ja baya a duniya baki ɗaya, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012. Muhimmin abin da waya ta yi a nan shi ne, ta kawar da baƙon namiji daga tsakani. Ɗa ko ƙanwa ne ke ɗauka a tsakar gida, don haka uwa da kaka suka shiga hoto ba tare da an keta kulle ba. A yau ana tura hoton salla ta WhatsApp ga ɗan'uwan da ke Legas ko Makka tun kafin a sauko da tukunya. Masu shagon hoto da suka rage sun fi dogara ga fasfo da biki da buga hoton da aka kawo a waya.

Amma fa sauƙin ya zo da hasara. Hoton takarda yakan yi shekara 40 a ƙasan adaka, na waya kuwa yana tafiya ranar da aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko aka goge don neman wuri. Su ma tsofaffin hotunan gara da danshin damina suna cin su, kuma yawancinsu ba a rubuta suna ko shekara a bayansu ba. Da zarar tsohuwar da ta san fuskokin ta rasu, sai hoton ya zama na baƙi.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa hoto ya shigo yankin Zandam ta hanyar bukatun hukuma, sa'an nan salla ta mai da shi abin ado. An kuma ga cewa kulle da kunya da zaman kishiyoyi sun raba hoton iyali kashi-kashi, har zuwa lokacin da waya ta haɗa shi. Saboda haka, mai nazarin da ya ɗauki albam ɗin shekarun 1980 ya kamata ya tambayi waɗanda ba su fito a ciki ba, domin rashin ganin uwa a hoto shaida ce ta tsarin gidan. Wuraren adana tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna sun fi tara hotunan sarakuna da shugabanni. Na talakawa suna nan a adakokin tsofaffi, kuma akwai bukatar a kwafe su, a rubuta sunaye da shekaru tun masu sanin su suna raye. Babi na gaba zai duba tufafi da kayan adon da ake gani a cikin waɗannan hotuna.