Cutar noma: yadda ta bar Turai ta zauna a ƙasarmu

Duk Bahaushen da ya ji kalmar noma, gona ce ke faɗo masa a rai. Amma akwai wata cuta mai wannan suna, kuma sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa cinyewa. Tana farawa daga dasashin yaro mai shekara 2 zuwa 6, ta ruɓar da naman kumatu da leɓe, wani lokaci har ƙashi, cikin ƴan kwanaki. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran da ta kama ba sa tashi.

Na ɗauko tarihinta ne don iyaye da malaman Bader Goula da sauran garuruwan Dakoro su san cewa ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. A ƙarni na 18 da na 19 ta addabi ƴaƴan talakawan Turai, musamman bayan baƙon dauro. Da abinci ya wadata, tsafta ta inganta, sai ta ɓace. Ta sake ɓulla a sansanonin Nazi irin su Auschwitz, inda yunwa ta yi katutu. Ashe yunwa take bi, ba launin fata ba.

Mu ma mun san yunwa. A 2005 sai da ƙungiyar MSF ta buɗe cibiyar ciyar da yara masu tamowa a Dakoro, kuma irin waɗannan yaran noma ke nema. A Damagaram, ƙungiyar Sentinelles tana kula da masu cutar tun 1992. A Sakkwato an buɗe asibitin noma a 1999, inda likitoci ke yin tiyatar gyaran fuska da buɗe muƙamuƙin da ya ƙage. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, tiyata gyaran ɓarna ce bayan ta auku. In aka ga dasashin yaro ya kumbura yana jini, baki na wari, yawu na zuba, ko kunci ya tasa, a garzaya gidan likita a ranar, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita tun fata ba ta yi baƙi ba. Malam, ka tambayi ɗalibanka lafiyar ƙannensu na gida. Uwa, ki riƙa leƙa bakin ɗanki, a kuma yi masa rigakafin baƙon dauro.